Matar da Ke Sayen Karyayyar Doya

Duk wanda ya saba shiga kasuwar doya ta Minna da safe ya san Mama Rhoda. Tana isowa kafin motocin Legas su fara lodi, da ƙaton kwano a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, da wuƙa a soke a gefen zane. Ba ta zuwa wajen manyan tsibi inda dillalai ke ciniki. Gindin mota take tsayawa, inda 'yan dako ke jefa wa juna doya. Da zarar ɗaya ta kuɓuce ta faɗi, sai ka ji an ɗaga murya, "Mama, ga taki!"

Fataken kudu ba sa ɗaukar doyar da ta karye ko ta ƙuje, don kafin a isa ta ruɓe, ta kuma ruɓar da na kusa da ita. A da bayan kasuwa ake zubarwa, ƙuda su yi ta bi. Da Minna ta zama babban birnin jiha, mutane suka cika gari, abinci ya yi tsada, amma wannan juji bai ragu ba. Mama Rhoda ce ta fara cewa a sayar mata. Dillalai suka yi ta dariya, suka ce ta kwasa kyauta. Ta ƙi. Ta ce abin da aka ba ta kyauta yau, gobe ana iya hana ta, amma wanda ya ɗanɗana kuɗinta zai ajiye mata.

Ba ta yarda a ce ruɓaɓɓiyar doya take saye. In wani ya faɗi haka, sai ta ɗaga gutsuren ta nuna masa farin ciki. "Rauni ne ya ji, bai mutu ba." Hausarta ke nan, ba ta raba mace da namiji. Ni ma har yau "kai" take ce mini.

Kafin azahar ta kai kaya gidanta a Barkin Sale ta rarraba. Mai ƙaramin rauni a yi fate a sayar wa 'yan dako da makanikai. Sauran a fere, a yanka fale-fale, a tsoma a ruwan zafi, a shanya a kan dutsen bayan gida, a niƙa ya zama garin amala. Ɓawon ma masu awaki ke saye. Garin kuwa a gwangwanin madara take aunawa, a farashin da ko matar mai gadi za ta iya. Matan da ke fere mata kullum suna komawa gida da ladan aikinsu a ƙulle a bakin zane.

Ni Jummai, maƙwabciyarta ce. Ban yi nisa a karatu ba, abin da idona ya gani zan faɗa.

Maigidana, marigayi Malam Maiwada, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kamar mahaifinsa. Tun zamanin jirgin gawayi shi ke zuba wa jirgi wuta. Shekarar da aka yi ta rage ma'aikata, ta tamanin da huɗu, abin ya biyo ta kansa. Ya dawo gida ya zauna a zaure, mutumin da bai taɓa wuni a gida ba. Abu ɗaya ya ce mini: "Jummai, kome za a yi, kada abincin sadaka ya shigo gidan nan. Ina raye wani ba zai ciyar mini da 'ya'ya ba." Na san halinsa. Zai iya kallon tukunya a kife ya yi shiru, amma in aka kawo kwano daga maƙwabta, mayarwa zai yi. Yara kuwa ba su san wannan ba, kuka kawai suke yi.

Rannan na sayar da tsohuwar langa na sayo gari wajen Mama Rhoda. Da Malam ya ga yawansa, ya tambayi nawa na biya. Na faɗa masa. Ya miƙe ya ɗauki ƙullin ya fita, na bi shi da mayafi a hannu.

Muka same ta a ƙofar gida tana fere doya, hadari ya haɗo. Ya ajiye garin a gabanta.

"Mama, mun gode, amma ba mu kai nan ba."

"Kai ina?"

"Wannan ba ciniki ba ne. Tausayi ne."

Ta ajiye wuƙa ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, ka duba ni da kyau. Na yi kama da mai sadaka? Ka tambayi matarka, ko gyara na yi masa? Na ci riba a kanka, gobe ma in ka zo zan ci."

Matan da ke fere suka tuntsire da dariya. Ɗaya ta ce, "Wallahi Malam, ko ɗanta Gaiya ya zo sai ya biya."

Ana cikin haka ruwa ya sauko, kowa ya ruga bayan gida kwashe shanya, Malam ma ya bi su ya taya. A nan ya ga buhunan yankakkiyar doya a jingine, duk sun yi baƙi da fumfuna. Ya tambaya. Ta ce masa haka take fama kowace damina: sabuwar doya ta fi saurin karyewa, kuma lokacin fitowarta ne rana ba ta samuwa. Rabin abin da ta saya zubarwa take yi.

Malam ya sake duban buhunan. Sai ya ce, "Zafi kike nema, ba rana ba."

"To ka sayar mini da zafi," in ji ta. "Amma ban da kyauta. Ni ma ba na karɓa."

Haka aka fara. Ya samo tsofaffin durom, ya yanka, ya gina musu ɗan ɗaki na ƙasa, ya jera ragar waya hawa-hawa a ciki, wuta a ƙasa da ƙaiƙayin shinkafa. Gwajin farko duk ya ƙone ƙurmus. Mama Rhoda ta ɗauki gutsure ɗaya ta shinshina ta ce, "Mai jirgi, wannan doya ne, ba Kaduna za shi ba. Rage wuta." Ranar na ji dariyarsa, wadda rabona da ita tun kafin a sallame shi daga aiki. Sunan kuwa ya bi shi, har yaran unguwa Mai Jirgi suke ce masa.

Da ya gano hannun wutar, daminar ba ta ƙara zubar da ko buhu ɗaya ba. Suka yi yarjejeniya a gaban shaidu, nasa kason daban, nata daban, kuma suka yi ta faɗa a kai kamar kowaɗanne abokan ciniki. Daga baya suka ƙara da tumatir da tattasai da suka yi laushi. Malam ya riƙa kai gari Chanchaga, ranar kasuwa har Kagara, inda ya gina wa wasu mata irin ɗakin. A shekarun da kome ya yi tsada har masu albashi suka rage cin dare, gidaje da yawa a Barkin Sale da wannan gwangwani suka kwana da abu a ciki. Ba wanda ya sunkuyar da kai kafin ya saya.

Mama Rhoda, ke ce kika san mutum yana iya jin yunwa ya kuma ji kunya a lokaci guda, kika ƙi maganin ɗaya ki bar ɗaya. Ke ce ba ki taɓa cewa kina taimako ba, kullum cewa kike kina neman riba. Mun sani, mun kuma ga inda ribar ta shiga.

Bana Allah ya karɓi Malam, bayan jinyar ƙirji. Har yanzu in na ji ƙaurin ƙaiƙayi sai in juya in duba ƙofa. Mama Rhoda ta riga ta daina zuwa kasuwa, gwiwoyi sun ƙi, surukarta da matan da ta koya wa ke riƙe da sana'ar. Amma ranar sadakar uku ta zo da sanda, ta zauna kusa da ni, ta riƙe hannuna tana hawaye. Da mutane suka watse, ta hango mata za su juye ragowar shinkafa a kwata. Sai ga ta tsaye.

"Kai! Kai! A gidan Mai Jirgi? Kawo tabarma!"

Ta sa aka baza shinkafar a rana, tana faɗa tana share ido. Ni da nake kuka na samu kaina ina dariya.

Masu sayar da kayan gwari, da masu lemo da mangwaro, da duk wanda ke zubar da kaya bayan rumfa in yamma ta yi, ku je Barkin Sale ku ga yadda ake yi. Ba sai kuna da jari mai yawa ba, ita da kwano da wuƙa ta fara. Ku je tun tana iya nuna muku da bakinta.

Mama, na gode, 'ya'yana sun gode. Allah ya ba ki lafiyar ƙafa, ya sa ki gama lafiya. Malam ya koma ga Ubangijinsa ba wanda ya ciyar masa da 'ya'ya sai guminsa. Abin da ya roƙa ke nan, kuma ta hannunki aka ba shi.