Ƙibar da Laraba ta nema ma ɗiyarta

Kowa a Rimawa ya san Laraba mai albasa. Maƙwabciyata ce tun muna amare, kuma ban taɓa ganin ta zaune ba, kullum tana zarya tsakanin hwadama da kasuwar Goronyo. Mace ce mai kirki, amma da taurin kai kamar turmi. A wurinta, duk ɗan da ba shi da kumatu, uwarshi ce ta gaza.

Ɗiyarta Mas'uda ta taso da jiki sosai, sai dai raguwa ce, guga biyu za ta ja a rijiya ta hau haki. Da ta shiga kwaleji sai anka sa su darasin motsa jiki, 'yan mata zalla da malamarsu mace, su yi gudu, su yi tsalle. Da ta dawo hutu, wallahi sai da na sake dubawa. Tumbi ya tahi, haki ya tahi. Yarinyar da ko gaisuwa a ciki take yin ta, ita ce ke tara 'yan matan unguwa a tsakar gida tana koya musu, ana ta dariya.

Ni lahiya na gani. Laraba kuwa rama ta gani. A wani taron suna mata sunka tare ta: "Laraba, mi ya samu ɗiyarki? Ko ba a ba su abinci can?" Maganar ta soke ta. Ta ce ma Mas'uda ta bar gudun nan, yarinya ba ta ji ba. Ranar kasuwa ta sayo ƙwayoyin sa ƙiba wurin mai tallar magani, ta daka, ta riƙa barbaɗa mata a hura. Da hutu ya ƙare, ta haɗa mata garin kunu da maganin a ciki.

Na ce mata, "Haba Laraba, ki ji tsoron Allah!" Ta ce, "Ke da ba ki haihi ɗiya mace ba, mi kinka sani?"

Ƙiba kam ta zo. Huska ta kumbura, ƙahwahu sunka yi nauyi, ga ƙishirwa ba dare ba rana, har Mas'uda ta yanke jiki ta hwaɗi a hilin motsa jiki. A asibiti anka ce ciwon suga ne. Sunka tambaye ta ko tana shan wani magani, ta ce a'a, kuma iyakar saninta ke nan. Laraba ta watsa sauran garin maganin a magudanar ruwa, ba ta gaya ma kowa gaskiya ba. Ni ma ban tona ba, abin na ci mini rai har yau.

Yanzu Mas'uda na gida, karatu ya tsaya, ta kuma hana 'yan matan unguwa tsalle-tsalle, wai shi ya kassara ta. Rannan ina gidan, ta kama hannun uwarta ta ce, "Inna, ki yahe mini. Tun hwarko ke kinka gane gudun nan na cin jikina, ni ce ban ji ba."

Laraba ta buɗe baki, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Allah shi yahe muna."