Ranar da Na Ja Akuya a Titin Yelwa

Shekarar da manya suka kasa daidaitawa a kan kasafin kuɗi, albashi ya tsaya cak, mu ma'aikata muka koma kallon juna. Yunwa kam an sha ta, wannan ba sai na faɗa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kowa ya zama ɗan sanda a kan ɗan'uwansa. Kullum rediyo na cewa ana zama, an kusa sa hannu. Mu kuwa mu zo ofis, mu zauna ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, kowa ya kife wayarsa a kan tebur. Da waya ta yi ɗan ƙara, sai ka ga wuya duk ya juya wuri ɗaya. Mai wayar ya duba, ya ja tsaki, ya ce kamfani ne ke tallan waƙa, ba saƙon shigar albashi ba ne. Ba mai yarda sai ya miƙo an gani da ido.

Ana cikin haka magana ta ɓullo, wai an biya wasu ta bayan fage, masu uwa a gindin murhu. Ban san bakin da ya fara faɗa ba, kuma har yau ban ga wanda ya tabbatar ba. Amma ta shiga ko'ina. In ka zo da riga a goge, an samu. In aka ji ƙanshin soyayyar albasa daga gidanka, an samu. Wani bawan Allah ya yi gyatsa a masallacin ofis, aka kwana biyu ana maganarsa.

Mu biyu ne a ɗakinmu, ni da wani mutumin ƙauyen Kona da ya ɗan girme ni. Kirista ne, dattijo a cocinsu, shi ya sa nake ce masa Dattijo, shi kuma ya ce mini Malam, ko da yake malantata ba ta wuce ta jan sallah in liman ya makara ba. Mun daɗe tare, tun muna da baƙin gashi. Unguwarmu ɗaya, Yelwa, ni a tsakiya, shi can gefe inda akwai fili, matarsa tana kiwon awaki a bayan gida.

Akwai abin da ke tsakaninmu wanda ya wuce ofis. Duk jajibirin Kirsimeti ni nake yanka masa dabba. Haka Kiristoci da yawa suke yi a garin nan, su kira Musulmi ya yanka, don in an aika da kwanon shinkafa gidan maƙwabci ya ci hankali kwance. Ni kuma kakana mahauci ne da ya zo daga Kano, hannunmu ya saba da wuƙa. In na yanka, wuya nawa ne. In Layya ta zo, cinya tasa ce. Ba mu taɓa zama mun tsara wannan ba, kuma bai taɓa fashi ba.

To, Dattijon nan shi na fara zargi. Kuma kada wani ya ce mini sharri ne, duk wanda ya ga abin da na gani sai ya zarga.

Da farko ya daina ƙorafi. Mutumin da ke zagin gwamnati tun daga bakin ƙofa har ya zauna, sai ya yi gum. Sannan wayarsa ta riƙa ƙara, ya duba, ya tashi ya fita waje, ya juya wa taga baya yana magana ƙasa-ƙasa. Dattijo da ke amsa waya kamar yana kiran wani a ƙetaren kogi! Ran nan kuma na fito daga bayi, na gan shi yana fitowa daga ɗakin masu albashi. Muka haɗa ido, ya yi sauri ya kau da kai. Wata Juma'a na bi ta babbar kasuwa, na hango shi a layin 'yan awaki, shi da dillali sun sa hannu cikin riga suna ciniki. A watan da nake auna garin masara da gwangwanin madara, mutumina yana taya dabba.

Na zo gida na ba uwargida labari. Ta ajiye muciya ta ce, "Ai dama na faɗa maka. Kai ne kake ɗaukar kowa ɗan'uwa. An biya shi, yana zaune yana kallonka kana hamma." Maganar ta zauna mini a ƙirji. Ba kuɗinsa nake so ba, Allah shi ne shaida. Abin da ke ƙona ni shi ne a ce mutumin da muke shan ruwa a kofi ɗaya ya samu hanya, ya rufe ni. In haka ne, to duk shekarun nan da wa nake zaune?

Na lura shi ma yana kallona. In na sunkuya ina aiki, sai in ji idonsa a kaina, in ɗago, ya koma kan takardunsa. Na ce a raina, kunya ce ke cin sa. Gaisuwarmu ta koma ina kwana, lafiya, shi ke nan.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, muna tashi daga aiki, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, jajibiri fa. Ka zo da wuƙa kamar kullum."

Tabɗi! Na ce, "Yanka za a yi bana ma?"

Ya ce, "Me zai hana?" Yana faɗa yana kallon hulata.

Na ce, "Babu. Allah ya kai mu."

A Keke mai ƙafa uku har gida ina tafasa. Rabin masu zuwa cocinsu ma'aikata ne, na san bana da yawa ko kaza ba za su gani ba, shi kuwa yanka zai yi, kuma ni zai kira in riƙe masa wuƙa. Na yanke shawara zan je. Zan yanka, in wanke hannu, in bar masa wuyansa a nan, in faɗa masa abin da ke bakina a gaban matarsa. Daga ranar kowa ya kama gabansa.

Da safiyar jajibiri na wasa wuƙa, na naɗe ta a tsumma, na tafi. Na yi sallama, matarsa ta amsa daga madafa ba ta fito ba. Wannan ma na ƙirga shi cikin laifi, don matar nan kullum da ruwa da zolaya take tarbata. Dattijo ya ja ni zuwa bayan gida. Har ya haƙa ramin jini a gindin mangwaro inda muka saba.

Sai na ga garken. Turaku ne a jere, igiyoyi a ƙasa, ba dabba. Wurin da in ka shigo sai ka toshe hanci ka ɗaga ƙafa, an share shi tas. Akuya ɗaya ce tak a ɗaure, ja mai yankakken kunne. Na san ta. Ita ce uwar garken, duk tauren da na taɓa yankawa a gidan nan ɗanta ne ko jikanta.

Na ce, "Ina na yankan?"

Ya ce, "Ga shi nan."

Na durƙusa kusa da ita. A gidanmu ba a kwantar da dabba sai an ba ta ruwa an shafa jikinta, haka na ga mahaifina yana yi. Na miƙa mata ruwa ta sha. Na sa hannu ta gefen dama na cikinta, na ɗan danna. Abu ya motsa a tafina. Na leƙa ƙasa, hantsa ta fara cika.

Na miƙe na ce, "Dattijo, akuyar nan ciki ne da ita."

Ya ce, "Na sani."

"Ka sani? Ina sauran?"

"Sun tafi kasuwa ɗaya-ɗaya. Me kake so mu ci?"

Nan take dillalin nan ya faɗo mini a rai, da wayar da ake fita waje a amsa. Ashe sayarwa yake yi. Amma zargi ba ya sakin mutum da sauƙi, sai na ji bakina ya ce, "To ɗakin masu albashi fa? Me ka shiga yi?"

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Tambaya na je yi. A kanka."

"A kaina?"

"An ce kana cikin waɗanda aka biya. Na ce ƙarya ne. Sai ga ka da sabuwar hula. Sai aka ga Keke ya sauke buhu a ƙofar gidanka. Na je na tambaye su, suka yi mini dariya, ba su ce e ba, ba su ce a'a ba." Ya juya ya dubi akuyar. "Na ce to, tunda Malam ya samu ya ɓoye mini, ba zai zo gidana ya tarar ban yi yanka ba. Ko ita kaɗai ta rage sai ya ɗauki wuyansa."

Na cire hular na riƙe a hannu. Ta ƙanena ce, aro na yi ranar wani ɗaurin aure, tawa ta yage, na ƙi mayarwa. Buhun kuwa ƙaiƙayi ne da dussa surukina ya aiko wa kajin uwargida, kajin da muka riga muka cinye. Na faɗa masa haka. Ya dubi hular da ke hannuna, ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa da wa zan yi faɗan.

Na ce, "Malamai ba su ce haramun ba ne, amma ni ba a koya mini sa wa mai ciki wuƙa ba. Ba zan yanka ba."

Ya ce, "In ba ka yanka ba wani zai yanka. Anjima 'yan'uwana za su iso daga Kona. Su a wurinsu ma'aikacin gwamnati ba ya rasawa. Suka ga akuya a ɗaure, ko tambayata ba za su yi ba."

Sai ga matarsa ta fito, idanunta sun kumbura. Ba ta gaishe ni ba, ba ta dubi mijinta ba. Ta durƙusa ta kwance igiyar daga turke, ta naɗe ta a hannuna. Ta ce, "Malam, don Allah tafi da ita gidanka. In sun zo, mu mun san abin da za mu faɗa musu. Kai dai kada kowa ya ji."

Dattijo ya buɗe baki, ta ce, "Baban yara, ya isa." Ya rufe.

Haka na fito, wuƙa a hammata, akuya a hannu. Mai ciki ba ta sauri, kuma ba ni da na Keke. Muka bi titin Yelwa a hankali, rana ta fito, kowa yana ƙofar gida. Jama'a, na ga idanu! Mata suna leƙowa ta kan katanga. Masu shago suka bar awo. A wajen mai shayi akwai 'yan ofishinmu zaune, ba mai shan komai, inuwa kawai suke sha. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo da muke sahu ɗaya a masallaci, ya dubi akuyar, ya dubi hulata, ya taɓa na kusa da shi.

Ya ce, "Malam, an samu ke nan?"

Na tsaya. Bayani yana bakina, gajere ne ma. Amma in na faɗa, kafin azahar duk Yelwa ta san garken Dattijo ya ƙare, kafin la'asar labari ya isa Kona. Na dubi dogon nan, na ga irin kallon da na yi wata da watanni ina yi wa mutum. Na ce, "Alhamdu lillahi," na ja akuyata na wuce. Ina ji a bayana wani ya ce, "Ba na faɗa muku ba?"

An biya mu daga baya, akuya ta haihu a gidana, na mayar wa matar Dattijo da ita da 'ya'yanta. Dogon nan kuwa har ya bar aiki bai ƙara tsayawa kusa da ni a sahu ba. Wannan duk na iya ɗauka.

Wanda ban shirya masa ba shi ne na cikin gida. Ranar, da na tura ƙofa na shiga da akuya, uwargida tana tsakar gida tana tankaɗen ɗan garin da ya rage. Ta dubi akuyar tun daga kunne har wutsiya. Ta ajiye rariya, ta goge hannu a zane, ta miƙo mini tafinta.

Ta ce, "Malam, ba ni wayarka in gani."