Allon Sukari a Ragayar Kaka

Shekarar da na kammala jami'a, ina zaune a gida Gaya ina jiran kiran bautar ƙasa, ƙanwata ta sauke Alƙur'ani. Aka tsayar da walima ranar Asabar a gidan kakarmu da ke Toranke, ni kuwa na yi mata alkawarin kek da ɗan allo a tsaye a kansa, mai zayyana irin ta allon sauka. Mahaifinmu ya amince bisa sharaɗi guda: ado kawai, ban da aya, tunda abu ne da wuƙa za ta ratsa.

Allon na fondan ne, wato kwaɓin sukarin nan da ake murzawa a lulluɓe kek da shi. Ƙa'idarsa, kamar yadda na koya a Kano na kuma rubuta a littafina, ita ce ya kwana uku yana bushewa kafin a sa masa kala, domin ɗanye ba ya tsayuwa, kala kuma naso take yi a jikinsa. Na yanka shi ranar Talata da hantsi. Na daɗe ina cewa Litinin ce, amma na duba littafin, Talata ce.

Ranar Laraba muka tafi Toranke, allon a faranti bisa cinyata, ina roƙon direba ya bi ramuka a hankali. Na ajiye shi a kan akwati a ɗakin Kaka, na ɗora takarda na rubuta da manyan baƙaƙen boko kada a taɓa. Duk tsantsenina, na manta cewa Kaka ajami take karantawa, kuma ban yi mata bayani da baki ba.

Washegari na fita gaishe-gaishen dangi, ban dawo ba sai bayan azahar. Ban ga faranti a ɗaki ba. Can na hango shi a kan rufin rumfa, tsakanin shanyar kuɓewa da ta barkono. Allona ya yi laushi, ya lanƙwashe, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai.

"Kaka, wa ya fitar da wannan?"

"Ni ce, 'yar boko. Na taɓa na ji ɗanye sharaf. Duk karatun naki ba a gaya miki ba a shanya a ɗaki ba?"

"Ai rana narkar da shi take yi! A inuwa yake bushewa."

Ta dubi allon, ta dube ni, idona ya riga ya cika da ƙwalla. "To ai sai ki ce shanyar kuka ce. Wa ya ce miki komai rana muke kai wa? Ganyen kuka in ya sha rana ai launinsa ya tafi. Akwai sauran kwaɓin?"

Akwai, daidai na allo ɗaya. Amma kwana biyu ya rage, littafina kuwa uku ya ce. Na gaya mata haka.

"Littafin naki a faranti ya shanya. Ƙasan abin ta ina zai sha iska?"

Na murza sabo, na ɗan rage masa kauri. Kaka ta ɗauko rariyar tankaɗe, na barbaɗa mata garin sitaci na kwantar da allon a ciki. Ta rufe da wani siririn mayafi saboda ƙuda, ta ɗora a ragaya, igiyar nan da take rataye ƙwaryar nono don kada kiyashi ya kai gare ta, a bakin taga inda iska ke ratsawa sama da ƙasa. Daga nan duk wanda ya nufi ɗakin sai ta daka masa tsawa, har ni.

"Sau nawa za ki leƙa? Idonki ba ya busar da shi."

Ranar Asabar da sassafe na ƙwanƙwasa shi da farce, na ji ya amsa. Na dama kalar abinci da ɗigon lemon tsami, ja da kore da ruwan ɗorawa, na fara zana daga tsakiya zuwa gefe, ina barin kowace kala ta sha iska kafin ta gaba. Kaka ta riƙe mini rariyar tana cewa ko malamin da ya yi wa kakanmu zayyana bai kai ni ɓata rai ba. Layi ɗaya a kusurwar hagu ya ɗan karkace. Har yau ni kaɗai na san da shi.

Da na kafa allon a kan kek ya tsaya cak, ƙanwata ta rufe baki da hijabinta tana dariya, mata suka ɗauki guɗa. Ƙanwata ta hana a ci allon, ta naɗe shi a hankici. Lanƙwasasshen allon farko kuwa Kaka ta riga ta ɓalle shi tana tsotsa, tana gaya wa baƙi cewa kek ɗin namu ne mu biyu.

Na buɗe littafina a ranar, a ƙarƙashin "kwana uku" na ƙara: a rariya, a ragaya, kwana biyu ya isa.