Hannun giwa

Tun da na zauna a Gubaira, wata unguwa a Riyad, maƙwabciyata Balarabiya ba ta gaji da tambayata ko giwaye na shigowa tsakar gidanmu a Najeriya ba. Nakan ce mata, Hajiya, ni akuya na sani. Ba ta yarda.

Ni ba mai son fita ba ce, kasuwar kayan miya ta Aziziya ma sai an ja ni. Da ɗana, mai aiki a wani ofishin tafiye-tafiye a Ulaisha, ya ce zai kai mu Kenya kallon namun daji, cewa na yi a gaishe su. Jikata ce ta sa na ɗaure kaya. A Riyad aka haife ta, kuma ta daina amsa mini da Hausa. In ce ta zo ta ci abinci, ta ce "ɗayyib, Jidda", wato "to, Kaka" da Larabci, ko Kakar ba ta cewa da Hausa. Tana ji sarai, bakin ne ya ƙi. Tsorona in bar duniya ba ta taɓa ba ni labari da harshenmu ba. Na ce wataƙila a hanya, babu makaranta babu ƙawaye, ta saki baki.

Washegarin isarmu Kenya, da sassafe aka ɗauke mu a mota mai buɗaɗɗen sama. Fili ne shimfiɗe, ciyawa da ƙayoyi kamar dajin garinmu, sai dai can gaba wani dutse ya tokare sama, kansa fari fat da ƙanƙara. Ban gama kallonsa ba gajimare ya rufe shi. Sai ga giwaye sun jero za su fadama, ba sauri, kuma duk girman nan ba ka jin takunsu.

Yarinyar ta nuna dogon abin da ke fuskar ta gaba, ta ce da Larabci in dubi kurɗum.

"Kurɗum kuma? Ba tiyon da babanki ke wanke mota da shi ba ke nan?"

"Haka suke ce masa, Inna," in ji ɗana.

"To mu hannu muke cewa, ƙawata. Hannun giwa."

Ta yi dariya, ta ce wa babanta hannu ai da yatsu yake, Hausawa ba su iya kallo ba. Maganar ta taɓa ni fiye da yadda na nuna.

A bakin fadama wani ɗan giwa ya zame cikin taɓo, yana ta fafutuka ya kasa fita. Uwar ta juyo, ta naɗe shi ta ƙarƙashin ciki, ta jawo a hankali har ya dafa tudu. Sai na ji yarinyar ta damƙe wuyan hannuna.

"Kaka, ta ba shi hannu."

Hausar ta fito a karkace. Ban waiwaya ba, kada kunya ta kama ta.

"Ta ba shi. Yanzu me take yi?"

Ta daɗe tana neman kalmar.

"Tana goge shi."

Mun dawo Gubaira, Larabcin na nan, Jiddar ma na nan. Amma yanzu takan biyo ni kicin, ta ɗaga muciya ko mara ta ce, wannan fa? In faɗa mata, sai ta tsaya ta duba ko sunan ya dace da abin kafin ta maimaita.