Yaya da Ƙararrawar Mutuwa

Majami'armu ta Bolari ba ta da ƙararrawa ta gaske a shekarun nan na bayan yaƙin basasa. Tsohon wilin babbar mota aka rataya a jikin bishiyar dogon yaro, ana dukansa da guntun ƙarfe. In an buga da sauri, sujada ce. In aka buga ɗaya, aka dakata, aka sake ɗaya, to wani ya rasu, duk abin da ke hannunka sai ka ajiye ka taho. Yayana ne mai bugawa. Tun da aka sallamo shi daga soja ya dawo wajena da zama, ba mata, ba sana'a, magana ma sai ta zama dole. Baba Fasto ne ya ba shi aikin don ya samu abin yi.

Lokacin kuɗin mai sun shigo gari, motocin siminti ba sa tsayawa, kowa yana son sabuwar riga. Ni kuwa ina ɗinki a wata rumfa kusa da tasha, ko ruwa ba na samun sukunin sha. Wata Talata da hantsi na ji an buga ɗaya, an dakata. Na bar atamfar mutane a ƙarƙashin allura na zura da gudu. Na tarar da makanikai da baƙin mai a hannu, mata da ƙullu a yatsu. Kafintanmu ma ya iso da tef ɗin awo a wuya. Ibo ne, dattijo, shi ke yi mana bencina, shi ke yin akwatin gawa.

"Wa ya rasu?" in ji Baba Fasto.

Yaya ya faɗi wani suna da babu wanda ya taɓa ji.

"Ɗan wace unguwa ne?"

"A bakin kogi muka bar shi," in ji Yaya. "Ba a buga masa ba."

Mutane suka watse suna ƙunƙuni. Bayan kwana tara ya sake, da wani sunan dabam. Ya kuma yi na uku. Na rasa inda zan sa kaina don kunya da tsoro. Ko makanike ya doki ƙarfe a garejin baya sai gabana ya faɗi. Na dinga ɗinka hannun riga a baibai ina warwarewa. In na tambaye shi a gida sai ya ce, "Ke ba ki gan su ba," ya ci gaba da cin tuwonsa.

Ikilisiya ta rabu a kansa. Zumuntar mata suka ce aljanu ne, suka sa azumin kwana uku. Wasu suka ce wiwin bariki ne, a sa shi a horo. Wani dattijo mai shagon kayan gini, wanda ba a tsallake maganarsa, ya ce hauka ne tuburan, kuma ya san mai magani a wani ƙauye gaba da Kwadon. Na san wurin. Na taɓa ganin wanda ya dawo daga can, marin ƙarfen da aka ɗaure shi da shi ya cinye masa idon sawu har ƙashi.

Aka zauna bayan sujadar Lahadi. Ba a kira ni ba, na kira kaina. Dattijon yana cewa a ɗaure shi tun bai sari wani ba, sai na ji bakina ya riga ni.

"Baba, ɗanka da ke yini a gidan giya yana zagin mutane, wa ya sa masa mari?"

Gaskiya na faɗa, amma ban taɓa yin wauta irin ta ranar ba. Waɗanda ke tausayin Yaya ma suka koma bayan dattijon, don yarinya ta ci mutuncin babba a gidan Allah. Baba Fasto ya ce, "'Yata, fita." Ina bakin taga na ji hukuncin: in ya ƙara bugawa ba bisa ka'ida ba, za a kai shi.

Ran nan na sace guntun ƙarfen, na cusa shi cikin buhun ƙyallaye a rumfata. Na roƙi Yaya, na yi masa faɗa, na yi masa kuka. Kwana uku ina ɗinki kunnena yana gindin dogon yaro. Ranar Alhamis da azahar na ji sautin, a dakushe. Da dutse yake bugawa.

Kafin in isa dattijon ya riga ni, da a-kori-kurarsa da igiya da ƙarti biyu daga shagonsa. Jama'a ba su kai na farko yawa ba, kuma yawanci kallo suka zo. Na shiga tsakani na riƙe rigar Yaya. Sai ga kafinta, karo na huɗu ke nan, da tef a wuya. Shi ba ya iya ƙin zuwa, don bai san ranar da za ta zama gaskiya ba.

"Ga shi nan, ku tambaye shi," in ji dattijon. "Sau nawa ya bar aikinsa a banza saboda wannan?"

Na ce a raina an gama da mu. Kowa ya san kafinta ya bar Gombe lokacin tashin hankali da iyalinsa, ya dawo shi kaɗai. Kowa kuma ya san ɓangaren da Yaya ya riƙe wa bindiga. Shekaru muna zama a kan bencinansa, babu wanda ya taɓa tambayarsa ina sauran.

Kafinta bai kula dattijon ba. Ya matsa kusa da Yaya.

"Soja, saura nawa?"

Yaya ya lissafa da yatsu. "Saura huɗu, Baba."

"To ka gama su yau. Dutse ba ya kai murya. Ina ƙarfen?"

"Yana wurin ƙanwata," in ji Yaya. Ashe ya sani.

Na ruga na ɗauko. Ban san ko daidai nake yi ba, na dai miƙa masa. Ya faɗi suna ya buga, ya dakata, har sau huɗu. Da ya gama sai kafinta ya buɗe hannu.

"Ba ni. Nawa ma ba a buga musu ba."

Ya kira sunan matarsa, ya buga. Ya kira 'ya'yansa uku ɗaya bayan ɗaya, yana barin sautin ya mutu kafin ya sake. Da ya zo kan 'yar autar, wata tsohuwa cikin zumuntar mata ta ɗora hannu a ka, ta ce yarinyar nan kullum a wurinta take sayen ƙosai. Ta fashe da kuka, mu ma muka bi ta. Dattijon ya tsaya da igiya a hannu ya rasa abin da zai yi da ita. Can ya jefa ta bayan mota, ya ce wa ƙartinsa su koma shago.

Yaya bai warke ba. Ya ci gaba da magana shi kaɗai, wani lokaci ya yini bai fito ba. Ni da Baba Fasto muka kai shi asibiti, aka ba shi ƙwayoyin da ke sa shi gyangyaɗi. Aka karɓe masa aikin bugawa, ikilisiya ta sayi ƙararrawa mai igiya, ƙarfen ya koma buhuna. Dattijon ya yi kusan shekara ba ya amsa gaisuwata, sai da na je na durƙusa, rabin zuciyata ba ta so. Amma mari bai taɓa ƙafar yayana ba.

Bayan damina uku, wata safiya Yaya ya shigo rumfata. Kullum yakan je shagon kafinta ya zauna, ba hira, yana riƙe masa katako.

"Ina ƙarfen nan?"

Hukuncin nan ba a taɓa soke shi ba.

"Yaya, wa kuma?"

"Baba kafinta. Yanzu na rufe masa ido. Ba shi da kowa a garin nan."

Na zazzage buhun a ƙasa na ba shi. Tsohon wilin yana nan a rataye, ya yi tsatsa. Ya buga ɗaya, ya dakata. Na tsaya a gefensa ina kallon hanya, ina tsoron kada kowa ya ƙi zuwa. Motar dattijon ce ta fara isowa. Na leƙa bayanta, babu igiya. Ya sauko ya cire hularsa, ya ce, "Soja, wa ya rasu?"