Mujiyar Rumbun Baba

Kallon tsuntsaye bai taɓa ƙara mini mutunci ba ko na ƙwayar gero. Tun ranar da na sayi tsohon madubin hangen nesa a hannun mai gwanjo a kasuwar Dutsin-Ma, madubin da idonsa ɗaya ma ya dushe, mutane suka yanke cewa koyarwa ta taɓa mini kai. Idan sanyi ya shigo nakan hau babur da sassafe in tafi bakin dam, in raɓe ina kallon zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran mota a tasha, da agwagin ruwan da ba a ganinsu sai lokacin. Masunta su wuce su yi mini irin gaisuwar da ake yi wa majinyaci. Wani ya taɓa tambayata guda nawa nake kamawa a rana. Na ce ba kamawa nake ba, kallo ne kawai. Ya tsaya ya yi mini addu'a.

Amma tsuntsuwar da ta fi ɗaukar hankalina a gidanmu take, a Birchi, cikin tsohon rumbun da Baba ya daina zuba hatsi saboda jinkarsa ta huje. Wata Asabar da rana na leƙa sai na gan ta: mujiya, fuska fara zagaye kamar faifai. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta ga ba wani abin kirki ba ne, ta rufe. A ƙasa ga dunƙule-dunƙulen gashi da ta amayar. Na kwashi biyu na fasa da tsinke, ƙasusuwan ɓeraye ne zalla. Da murna na kai wa yayana, wanda shi ke riƙe da gonakin gidan, don ya ga mai gadin da yake da ita kyauta.

"Duk karatun da aka yi ma," ya ce, "aman mujiya ka ƙare da tono."

A wannan sanyin ne tari ya kwantar da Baba. Mujiya kuwa ba ta san kara ba, ana idar da magariba take sakin ƙararta mai tsinka zuciya. A wurinmu kowa ya san fassarar kukan mujiya a gidan da ke da marar lafiya. Inna ta dinga watsa gishiri a wuta har miya ta fara shigowa lami. Yaya ya ce zai turara rumbun da barkono ya kore ta. Na ce sai dai ya fara turara ni. Muka kai ƙara gaban Baba, yana kishingiɗe a tabarma yana shan hantsi.

Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya tambayi Yaya, "Shekara nawa tana kukan ga?"

"Ta kai ukku, Baba."

"To in ni aka aiko ta ɗauka, lallai ma'aikaciyar gwamnati ce. Shekara ukku aiki guda bai ƙare ba." Ya yi dariya har tarin ya taso. Da ya lafa ya ce, "Mala'ikan mutuwa bai ɓace hanyar gidan ga ba, balle tsuntsuwa ta yi mai jagora. Ku bar ta."

Daga ranar kaina ya kumbura. Na zama mai wa'azin mujiya a majalisar ƙofar gida, ina lissafa wa manoma amfaninta, su kuma suna neman tsari. Kowane ƙarshen mako ina hanyar Birchi, kuma gaskiya sau da yawa rumbu nake fara leƙawa kafin ɗakin Baba. Mujiyar ta ƙyanƙyashe ƴaƴa huɗu, munana na ƙarshe, kamar audugar da ruwa ya daka, suna huci idan sun ji motsi. Baba ya gane ni sarai. In na shigo gaishe shi sai ya ce, "Malam, ka gano ƴan'uwan naka? Sun tashi lafiya?"

Sanyi ya wuce, bazara ta kama, ƴaƴan suka yi fiffike suka watse, uwar ta zauna. Baba bai tashi ba. Ranar da shamuwa suka sauka a tsamiyar bayan gida ya sa aka fito da shi, ya karɓi madubina a karon farko, ya lalubo su da idon mai kyau. Ya daɗe yana kallo. Ya ce ruwa ya kusa, Yaya ya fara gyara iri. Ya miƙo mini madubin ya ce ashe haukan nawa da ɗan daɗi.

Bai ga ruwan ba. Ya rasu bayan azahar, rana tsaka, lokacin da mujiya ke sharar barcinta ba ta san abin da ake ciki ba. Na riƙe wannan a raina a matsayin hujja, ina jiran wanda zai ɗora mata laifi in ba shi amsa. Babu wanda ya ɗora mata.

Ranar uku, masu gaisuwa sun ragu, muna zaune a tsakar gida bayan magariba, sai ta fito bakin jinka ta yi kukanta yadda ta saba. Inna ba ta nemi gishiri ba. Yaya bai ko ɗaga kai ba. Ni ne na ji wani baƙin ciki ya taso mini, na miƙe, na ɗauki hoge na jefe ta da duk ƙarfina. Ya fashe a gefenta. Ta tashi ba ko ƙarar fiffike, ta haye katanga, kuma ba ta sake dawowa rumbun ba.

Yaya ya dube ni, a hankali ya ce, "Baba fa cewa ya yi a bar ta."

Na koma na zauna a tabarma, hannuna duk ƙasa.