Yadda Mai Zare Ya Sa Wa Babur Ƙafafun Wani

Rumfar Mai Zare ita ce ta uku daga bakin kwalbati, tsakanin shagon mai walda da bangon wata makaranta. Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana zaune a wurin, amma ba da babur ya fara ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana gyaran keke, yana ɗaure wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya har wili ya daina rawa. Daga can ya taso da ɗabi'ar da ta jawo masa laƙabinsa: ba ya yarda da ido, ba ya kuma yarda da alamar da kamfani ya buga a jikin ƙarfe. Duk babur ɗin da ya kwance wa taya, sai ya ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba kafin ya sallami mai shi. Sauran kanikawa suna yi masa dariya, shi kuwa yakan ce bai taɓa ganin zare ya yi wa kowa kara ba.

Wata safiya yayansa ya turo babur da ƙafa har bakin rumfa. Yayan nan mai gyaran famfon rijiya ne, ƙauyuka bakwai yake zagayawa da bututu da manyan sifanoni ɗaure a bayansa. Ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar baya ne ya tsage, wilin kuma ya lanƙwashe da ya faɗa wani rami. An daɗe da daina kawo kayan irin wannan babur ɗin. In ya kwanta, aikin Yaya ya kwanta, domin mutanen da famfonsu ya lalace ba sa jiran dattijo ya zo a ƙafa, wani za su kira.

“Auta,” in ji Yaya, don haka yake kiransa duk da furfurar da ta cika masa gemu, “jibi ake jirana a ƙauye na uku. Ka san abin yi.”

Mai walda ya leƙo, gilashinsa a goshi. “Ku miƙo shi nan in ɗinke shi, kafin shayinku ya huce na gama.”

“Sau biyu ka ɗinke shi, maƙwabci,” in ji Mai Zare. “Yanzu ɗinkinka ya fi ƙarfen yawa. Ɗan'uwana ba zai hau wannan ba.”

A ƙuryar rumfar akwai wani babur babba wanda injinsa ya ƙone, mai shi ya bar wa Mai Zare kyauta. Ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba, ba kuma girmansu ɗaya ba, amma ƙarfen bayansa lafiya lau, wilinsa biyu garau. Mai Zare ya zagaya shi sau biyu, ya ce daga nan za a ɗauko ƙafafu.

Yini guda ya yi yana aikin. Kan sabon ƙarfen ya ɗara gurbinsa faɗi, sai ya bi shi da zarto, kaɗan daga dama, kaɗan daga hagu, yana gwadawa har ya shige ba tare da guduma ba. Ya canza wa wilin gaba boris don ya karɓi tsohuwar sandar wilin babur ɗin Yaya. Ya yanka guntayen bututu biyu ya tokare wilin baya da su, ta yadda haƙoran baya suka yi saiti da haƙoran inji, sarƙa ta miƙe ɗoɗar. Washegari da hantsi babur ya tsaya da ƙafafunsa, har ya fi da kyan gani.

Yaya ya kai hannu zai kama kan babur, Mai Zare ya ce ya dakata. Ya zuba ruwa a simintin gaban rumfa, ya tura babur ya ratsa ruwan a miƙe. Sawu biyu suka fito a ƙasa maimakon ɗaya. Ya ja zarensa, zaren ya tabbatar: tayar baya ta kauce wa ta gaba zuwa hagu da kusan faɗin ɗan ƙaramin yatsa.

“Wannan ɗan abin?” in ji Yaya. “Ni da na yi shekara biyu ina tafiya a karkace kamar ƙaguwa? Ba ni abina.”

“A kan kwalta ba za ka ji ba, Yaya. Ka ɗora bututu shida ka shiga yashi, can zai nuna maka halinsa.”

“To, tura tayar dama mana,” in ji mai walda.

“In na tura ta, sarƙa ta karkace. Kafin wata guda ta cinye haƙoran, ko ta zame masa a tsakiyar daji.”

“Sai mu gasa ƙarfen mu lanƙwasa shi kaɗan.”

“Kai komai wuta. Da likita ka zama da an shiga uku.”

Mai walda ya yi dariya ya koma shagonsa. Mai Zare kuwa ya zauna a kan bencinsa yana kallon wilin, kuma gaskiya ita ce a wannan lokacin bai san mafita ba. Sarƙa tana son cibiyar wili ta zauna inda take, tayar gaba tana son ta baya ta matso dama, kuma jibin da aka faɗa ya zama gobe. Yaya ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana juya hularsa a hannu.

Can sai Mai Zare ya tashi, ya jawo wata gwangwani daga ƙarƙashin benci, ya zaro ɗan makullin ɗaure wayoyin wili wanda rabonsa da shi tun zamanin keke. Ai ba dole ba ne cibiya ta motsa. Wayoyi ne suke riƙe da rim, wato da'irar ƙarfen da taya ke zama a kai, kuma wayoyi suna jin magana. Ya cire taya, ya ɗiga wa kowace waya mai, ya fara: ya sassauta ta hagu rubu'in juyi, ya ɗaure ta dama rubu'in juyi, haka har wayoyi talatin da shida, sannan ya sake zagayowa. Duk zagaye sai ya juya wilin, ya kafa alli kusa da rim ya ga inda yake taɓawa. Bai yi gaggawa ba, domin in waya ɗaya ta yi tsauri fiye da 'yan'uwanta, sai wili ya ɗauki rawa. Rim ya riƙa matsawa dama a hankali, cibiya da sarƙa suna nan inda suke. Rana ta karkata kafin ya mayar da taya ya ja zare, zaren ya taɓa tayoyin biyu daidai ta kowane gefe.

“Shi ke nan, in tafi?” in ji Yaya.

“Gobe, kuma tare za mu tafi. Ni na ɗaura shi, ni zan fara zama a kansa.”

Da safe ya rufe rumfa, ya sa Yaya ya ɗaura kayansa cif kamar kullum, shi kuma ya matse tsakanin yayansa da bututu. Suka bar kwalta suka shiga yashi. Mai Zare ya kasa kunne yana sauraron sarƙa, jikinsa yana jiran ya ji babur ya ja gefe, bai ji ba.

“Auta, ka daina hura mini iska a wuya,” in ji Yaya. “Babur ɗin nan ya fi ka natsuwa.”

Suka isa ƙauyen suka tarar da mata sun jera bokitai a gindin famfo. Yaya ya sauka ya kwance kayansa, ya miƙa wa ƙanensa babban sifana ya ce tun da ya zo, sai ya riƙe masa bututu.